Tarihin Tsofaffin Kayan Gida Da Gwanayen Da Ke Mai Da Su Abin Kallo

Duk wanda ya zauna a garuruwan arewacin ƙasar Zazzau, wajen Ikara da Maƙarfi da Kudan, ya san ɗan gwangwan. Ya kan shigo gari da hantsi yana tura kura, da sikelinsa a rataye, yana kira a fito da tsohon ƙarfe da fasasshen kwano da tukunyar da ta huje. Matan gida su kan aiko yara da abin da ya daɗe a bayan ɗaki, shi kuwa ya aza bisa sikeli ya biya kuɗin nauyi, wani lokaci kuma ya ba da sabuwar roba maimakon kuɗi. Ba ruwansa da wanda ya sayi kwanon nan da fari, ko ran bikin wa aka kawo shi gidan. Abin da ya sani kilo nawa ne. In kaya sun taru sai a loda su a babbar mota, a kai inda a ke narkar da ƙarfe, labarinsu ya ƙare ke nan.

A cikin wannan zamani kuma, a manyan biranen duniya kamar Landan da Faris, akwai gidaje na musamman inda mutane su ke shiga layi don su kalli irin waɗannan kaya, watau marafan kwalba da gwangwanin madara da tsofaffin jarkoki, bayan wani gwani ya harhaɗa su ya mai da su abin kallo. Har a kan sayar da waɗansu a kan kuɗin da ya isa gina makaranta. Mai karatu ya iya tambaya, yaya aka yi abu guda ya zama shara a wani wuri, a wani wuri kuma ya zama dukiya? Amsar tana cikin tarihi, tarihin nan kuwa ya ratso ta ƙasar Zazzau fiye da sau ɗaya.

Zamanin Ƙwarya Da Akushi

Kafin zuwan Turawa, kusan dukan kayan da ke cikin gidan talaka daga gona da daji da kududdufi su ke fitowa. Duma shi ke ba da ƙwarya da masaki da ludayi da gora. Masassaƙi ya fid da akushi da turmi da taɓarya da kujerar mata daga itace. Maginan tukwane su gina tukunya da tulu da randa da yumɓu. Da kaba a ke saƙa tabarma, a ɗinka faifai. Tasar tagulla kuwa, irin wadda maƙeran Bida da na Kano su ke yi, sai a gidan sarauta ko na attajiri a kan gan ta da yawa.

A wancan zamani da wuya a ga an yar da abu. Ƙwarya in ta tsage, a kai wa gyartai ya ɗinke. In ta fashe har ba ta ɗinkuwa, a gyara wani ɓangare a yi marar kwasar tuwo, sauran sakaina kuma a riƙa kwashe shara da ita. Tukunya in ta fashe, gindinta ya zama kaskon ɗibar wuta ko na ba kaji ruwa. Turmin da ya huje a kife shi ya zama wurin zama a ƙofar gida. Tsohuwar riga ta zama tsumma, tsumma ya zama gammo. Fartanyar da ta cinye ta koma maƙera a sake ta. Har a marina, wadda garuruwan wannan yanki irin su Kudan da Hunkuyi suka yi suna da ita, ba a zubar da katsin da ya kwanta a gindin rijiyar baba. A kan kwashe shi a ƙone, a haɗa laso da shi, a shafe sabuwar rijiyar rini ko rufin soro don kada ruwa ya ratsa.

Duk wannan tattali ne, don a ci gaba da moron abu. Amma akwai wuri guda inda kayan gida su ke barin aikin da aka yi su dominsa su zama abin kallo kurum, shi ne ɗakin amarya. In an ɗaura aure, kafin a kai amarya, mata 'yan'uwan uwarta da na ubanta su kan tafi gidan miji su yi jere. A da ƙore ne a ke jerawa, waɗansu an goge su sun yi fari fat, waɗansu an yi musu zane da wuƙa ko da wuta, ga faya-fayai masu launi an rufe bakinsu. Waɗansu a ɗora su bisa juna, waɗansu a rataye a ragaya. Gidan da ke da hali ya ƙara da tasoshi. Jere yana da ƙa'idarsa, babba a ƙasa, ƙarami a bisa, abin da ke dama ya yi daidai da na hagun. A kowace unguwa an san gwanayen mata da a ke kira musamman ran jere, domin ba kowane hannu ne ya iya ba. Ba a cin tuwo a cikin kayan jere. Ado ne na ɗaki, kuma dukiyar mace ce ta kanta, miji ba shi da iko da ita. In wata matsa ta taso ta sayar da ɗaya, in ta haifi 'ya mace ta fara tara mata tun tana goye.

Jirgin Ƙasa Ya Kawo Gwangwani

A cikin shekarar 1911 hanyar jirgin ƙasa ta wuce Zariya ta isa Kano, ta ratsa wannan yanki, aka kafa tasha a Likoro da Gimi. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, ga kuma auduga da Turawa su ke saye, kuɗi suka fara shiga hannun manoma. Jirgin da ya tafi da gyaɗa bai komo wofi ba. Ya komo da kananzir a cikin garwa mai cin galan 4, da madara da kifi da taba a cikin gwangwani, da kwanuka masu fenti. Mutanen da suka saba ba su yar da sakaina, ina za su yar da gwangwani?

Garwa ta zama abin ɗaukar ruwa, ta zama ma'aunin hatsi da mai. Wani ya farke ta ya miƙar, ya buga ta a ƙyauren ɗaki don kada gara ta ci. Maƙeran fari suka sami sabon abin aiki, suna yanka gwangwani suna like shi da dalma, su fid da fitilar aci-balbal da mazurari da rariya. Gwangwanin madara da na tumatir suka zama ma'auni a kasuwa, har yau da su a ke awon ƙananan kaya. Da motoci suka yawaita, tsohuwar taya ta zama takalmi, robar cikinta ta zama guga, durom kuma aka yanka shi aka yi murhu da kaskon suya. Masu yin mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi, inda rake ya ke da yawa, su kan dafa ruwan rake har ya yi kauri, sa'an nan su zuba shi cikin ƙananan kwanuka ya daskare. Saboda haka siffar mazarƙwailar nan da kowa ya sani siffar cikin kwano ce. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka gama a 1945, sana'ar zubin tukwane ta yaɗu a Afirka ta Yamma, watau a narkar da tsohon alminiyam a zuba shi cikin gurbin da aka yi da damammen yashi, ya fito tukunya sabuwa. A Kaduna kasuwar Panteka ta yi suna da irin wannan ƙira ta tsofaffin ƙarafa.

Makaɗa ma ba a bar su a baya ba. Kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi, har ya zaga ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a 2015, ba kome ba ne illa gwangwanin kifi da aka rufe da fata, aka sa masa sanda da tsirkiya guda. Yara kuma, waɗanda da can da karan dawa su ke yin wasa, suka shiga ƙera mota da kara da gwangwani da langa-langa, watau siririn ƙarfen nan da a ke ɗaure dilar kaya da shi, su yanka tsohon silifa su yi taya, su sa dogon kara ya zama sitiyari. Yaron da ya dubi marfin kwalba ya ga fitilar mota a cikinsa, ya riga ya fara karatun da za a ba da labarinsa nan gaba.

Jeren Kwano

Babu inda sabon zamani ya nuna kansa kamar ɗakin amarya. Kwano mai fenti ya fi ƙwarya ƙarko, ya fi tasa araha, ga shi da launi ja da shuɗi da rawaya da furanni. Da fari daga Turai a ke kawo shi, daga baya daga Hong Kong. Daga wajen 1960 'yan kasuwar Hong Kong ɗin suka zo suka kafa masana'antun kwano a Ikko, daga baya kuma a Kano. Kowane iri da sunansa a bakin mata, ga langa, ga fanteka, ga samira, ga daro, ga faranti, kuma kowace shekara da yayinta. Aka riƙa jera su tun daga daɓe har kusa da rufi, bango guda ya rufe ruf, wanda ya shigo daga rana sai idonsa ya ɗauke saboda ƙyalli. Mata su kan zo ganin ɗaki, su tsaya su duba, su yaba ko su kushe, kamar yadda masana su ke yi a gidajen kallo na Turai.

Magina su ma suka karɓa. A soraye da zaurukan masu hali sai a kafe faranti a tsakiyar rufi inda bakuna suka haɗu, waɗansu kuma su jera farantai a jikin bango tun yumɓu yana ɗanye. A Zariya masu adon bango suka shiga fid da siffar keke da agogo da mota a fuskar gida, tare da dagi da sauran zane na gargajiya. Wani Bature jami'in mulki, Kirk-Greene, ya buga ɗan littafi a kan waɗannan gidaje na Zariya a 1963.

Daga baya kabad mai gilashi ya zo, aka koma jeren tangaran da kuloli, yau kuma hankalin iyaye ya fi tafiya ga kujeru da gado da kayan kicin. Tasoshin kaka da langunan uwa suka koma ƙarƙashin gado, daga nan sai bayan ɗaki. To, abin lura a nan shi ne, macen da ta ɗauki kwanon da aka yi don cin abinci, ta hana shi aikinsa, ta jera shi da 'yan'uwansa bisa ƙa'ida don ido ya gani ya ji daɗi, ta yi ainihin abin da gwanayen Turai suka yi ta gardama a kansa shekara da shekaru.

Yadda Abin Ya Faro A Turai

A Turai, tun zamanin Girkawa, in an ce sassaƙa ana nufin gwani ya sami dutse mai daraja ko tagulla ya fid da siffar mutum ko doki. A 1913 wani mutumin Faransa, Marcel Duchamp, ya ɗauki ƙafar keke ya kafa ta a kife bisa kujerar kicin, ya ajiye a ɗakinsa yana juya ta yana kallo. A 1914 ya sayo ƙarfen da a ke shanya kwalabe a kai, bai ƙara masa kome ba, ya ce wannan ma aikin fasaha ne. Hujjarsa ita ce, gwaninta ba a hannu kaɗai ta ke ba, tana cikin ido da tunanin wanda ya zaɓi abu ya ɗauke shi daga wurinsa ya sa mutane su dube shi da sabon ido. Mutane da yawa suka ce wannan rainin hankali ne, har yau ma akwai masu faɗin haka.

Wanda ya sa talakawa suka gane abin shi ne Pikaso, mutumin Sifen da ya zauna Faransa. A 1942, lokacin da sojan Jamus su ke riƙe da Faris, kayan aiki sun yi wuya, sai ya ga tsohon sirdin keke da ƙahon keke cikin tarkace. Ya haɗa su, sirdi ya zama fuska, ƙaho ya zama ƙaho, sai ga kan bijimi. Wanda ya duba zai ga sa, ya sake dubawa ya ga keke, daɗin abin ke nan. A 1950 ya yi akuya, kwando ne haƙarƙarinta, tuluna biyu ne hantsarta. A 1951 ya ɗauki motocin wasa biyu na ɗansa ya haɗa su ciki da ciki, ya yi kan gwaggon biri da su. Yaran Ikara masu motar gwangwani da sun gan shi, da sun ce nasu ne.

Ɗaliban Zariya

A 1955 aka ɗauko sashen koyar da zane da sassaƙa na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan aka kawo shi Zariya, a wurin da ya zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga Hunkuyi zuwa can tafiya ce da ba ta kai awa guda a mota ba. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, suna koyarwa yadda aka koya musu a gida. A 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne, a karɓi dabarun Turawa, amma kowa ya koma gida ya nemi abin da iyayensa suka iya, ya haɗa biyun. Ƙasa tana gab da samun mulkin kai, suka ce bai kamata hannu ya zauna cikin bauta bayan wuya ya fita ba.

Shugabansu Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafancan, ya koma wajen mahaifiyarsa ya koyi zanen uli, irin wanda matan Ibo su ke yi a jiki da bangon ɗaki. A lura da wannan, mutumin da ya yi karatu mai zurfi, da ya tashi neman tushe, wajen aikin mata na cikin gida ya nufa. Bayan an gama yaƙin basasa a 1970 ya zama shugaban sashen zane a Jami'ar Nsukka, ya tafi can da ra'ayin Zariya. A Samaru kuma sashen bai daina aiki ba. Akwai fili a gefensa cike da ayyukan ɗalibai, waɗansu na siminti, waɗansu na tsofaffin ƙarafa da aka haɗa da walda.

Gwanin Marafan Kwalba

A 1975 wani malami ya zo Nsukka daga Gana ya shiga sashen nan na Okeke, sunansa El Anatsui. An haife shi a 1944 a Anyako, tun ana kiran ƙasar Gwalkwas, ya yi karatu a Kumasi. Tun yana gida ya fara da farantan katako da mata su ke kasa kaya a kai a kasuwa, yana yi musu zane da ƙarfe mai zafi. A Nsukka ya yi aiki da yumɓu a kan siffar fasassun tukwane, domin a ƙasarsu ma, kamar a ƙasar Hausa, tukunya in ta fashe ba ta mutu ba, wani aiki ta kan samu. Ya yi aiki da tsofaffin turame. A 1999 ya tara marafan gwangwanin madarar Peak masu ɗimbin yawa ya ɗinke su da waya, ya tsibe su tsibi tsibi. A shekarar 2000 ya tattara tsofaffin magogin rogo da suka yi tsatsa, ya gina bango da su wanda ya fi tsayin mutum nesa, ana hango haske ta cikin hujojinsa.

Abin da ya fid da sunansa duniya kuwa a cikin jeji ya tsince shi. Wajen 1999 ya ga wani buhu an yar, cike da marafan kwalaben barasa na alminiyam. Ya kai ɗakin aikinsa ya ajiye wata da watanni yana tunani. Daga bisani ya gane in an farke marfi an daddale shi, an huda kusurwoyinsa, an ɗinka shi da ɗan'uwansa da wayar jan ƙarfe, dubbai za su haɗu su zama kamar zane, yana lanƙwasa yana ƙyalli. Ya ɗauki samari da yawa aiki, kowa ya ɗinka ɗan yanki, sa'an nan a baje a ƙasa, shi kuma ya tsara inda ja zai zauna da inda rawaya za ta zauna. Ba don kyau kaɗai ya zaɓi marafan ba. Barasa tana cikin kayan da Turawa su ke kawowa gaɓar teku su karɓi bayi, saboda haka kowane marfi yana ɗauke da guntun wancan tarihi.

A 2002 Gidan Kayan Tarihi na Biritaniya da ke Landan ya sayi biyu daga cikin na farko, waɗanda ya sa wa suna Zanen Namiji da Zanen Mace. A 2007, a babban nunin da a ke yi a Venis ta ƙasar Italiya shekara biyu biyu, aka lulluɓe fuskar wani tsohon gidan sarauta da aikinsa. A 2012 aka yi gwanjon wani a Landan a kan fiye da fam 500,000. A 2015 Venis ta ba shi lambar Zakin Zinariya saboda aikin da ya yi tsawon rayuwarsa, a 2023 kuma aka rataye ayyukansa a babban zauren gidan kallo na Tate Modern a Landan.

Ba shi kaɗai ba ne. A Jamhuriyar Benin, wadda a da a ke kira Dahome, akwai Romuald Hazoume, haifaffen Porto-Novo a 1962. Shi da jarkar fetur ya ke aiki, irin wadda samari su ke ɗaurawa a babur su tsallako da mai daga Nijeriya, suna sai da ransu saboda abinci. In ya yanke saman jarka, mariƙinta ya zama hanci, bakinta ya zama baki. Ya taɓa jera guda 304 a ƙasa bisa tsarin yadda a ke kwantar da bayi a cikin jirgin ruwa, aka nuna aikin a Landan a 2007, shekara 200 bayan Ingila ta hana fataucin bayi a jiragenta. A Indiya kuma Subodh Gupta, wanda aka haifa a 1964, da kwanuka da tukwane da ludayan ƙarfe na kicin ya ke aiki. A 2014 an kafa wata bishiyar ƙarfe tasa a birnin Delhi, rassanta cike da kayan girki maimakon ganye. Tsohuwar da ta saba jere a Kudan da ta ga wannan, ba sai an yi mata dogon bayani ba.

Abin Da Ya Rage A Bayan Ɗaki

Akwai wata magana da ba ta kyautu a tsallake ba. Musulmin ƙasar Hausa tun da can suna ƙyamar sassaƙa siffar mutum ko dabba, saboda hanin da ya zo a hadisai, shi ya sa da an ambaci sassaƙa wani sai ya tuna gunki ya kau da kai. Wannan ne ya sa gwanintar Hausawa ta bi ta wata hanya, ta fito a aska takwas ta wuyan riga, da zayyanar allo, da zanen ƙwarya, da adon bango, da jere. To, manyan ayyukan da suka fid da sunan Anatsui ba su da fuska, ba su da ido. Launi ne da tsari da daidaito, abin da masu jere suka daɗe da ƙwarewa a kai. Yaron Maƙarfi da Allah ya ba hannu yana da hanyar da zai bi ba tare da ya saɓa wa abin da malaminsa ya karantar da shi ba.

Akwai bambanci guda tsakanin jere da aikin waɗannan gwanaye. Mai jere sabon kwano ta ke so, wanda bai ko ƙwarzane ba, su kuwa tsohon su ke nema, wanda hannun mutane ya taɓa har ya bar masa alama. Amma shekaru sun kawar da wannan bambanci, domin kwanukan da aka jera sababbi a 1960 su ne tsofaffin yau. Langar da ke bayan ɗaki tana iya faɗin shekarar da aka yi gyaɗa da kyau, da kasuwar da aka saye ta, da guminta wa aka tara kuɗinta da shi, ko na kaɗin zare, ko na ƙuli-ƙuli, ko na adashi. Tarihin sarakuna yana rubuce a littattafai. Tarihin matan karkara kuwa yawancinsa a jikin waɗannan kaya ya ke, in an narkar da su ya tafi.

Ba a ce ɗan gwangwan ya bar sana'arsa ba. Neman halali ya ke yi, yana ci da iyali, yana kuma rage shara a gari. Sikelinsa ne dai ba ya auna kome sai nauyi, saboda haka tantancewa aikin masu gida ne tun kaya ba su fita ƙofa ba. Abin da ya ruɓe a sayar. Tasar gado da langa mai fure da akushin da ya yi baƙi don tsufa, a ware ko guda ɗaya ɗaya ne a ajiye. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya iya riƙe alƙalami yana da aiki a nan, ya zauna gaban tsohuwar gidansu ya ce, Iya, wannan mene ne sunansa, wa ya saya miki, a wace kasuwa, zamanin wane sarki? Ya rubuta a takarda ya sa cikin kwanon ya rufe. Gidajen ajiye kayan tarihi, kamar na Kaduna da aka buɗe a 1975 da Gidan Makama na Kano, da irin wannan ajiya ta mutane a ke cika su. Yaron da aka tarar ya tara gwangwani da waya yana ƙera mota kuma, kada a kore shi da tsawa a ce yana kwaso wa gida shara. A dubi abin da ya ƙera tukuna, in ya yi kyau a gaya masa, in da hali a kai shi Samaru ya ga abin da manyansa su ke yi.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani. Allah ya sa a gane darajar abin da ke hannu tun bai hau sikeli ba, amin.